Ina talaka zai kai iyalinsa su ga teku a Legas?

Abban Sadiya, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Sallah ta matso, ina da tambaya, ina kuma da ƙorafi. Jihar Legas tana da bakin teku mai tsawon kusan kilomita 180, tun daga iyakar Seme har ya haɗe da jihar Ogun ta gabas. Amma a yau duk inda magidanci ya nufa a cikin gari don ya shimfiɗa wa iyalinsa tabarma a kan yashi, sai an tare shi a ƙofa. Kuɗin shiga kowane kai, kuɗin ajiye mota, kuɗin rumfa, kuɗin kujera. Wani wurin ma in ka zo da kular abincinka daga gida sai ka biya kafin a bar ka ka shiga da ita. Ranar Sallah kuma farashin ninkawa yake yi. Mai 'ya'ya da yawa yaya zai yi? Yaranmu a garin nan aka haife su, amma akwai waɗanda ba su taɓa ganin teku ba sai a waya. Wa ya sayar da teku? Kuma kafin a amsa wannan, ina ne ya rage da mutum zai je da mutuncinsa?

Baba Ɗan Ikko:
Wa alaikumus salam. Yaro ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mu da muka zo Ikko zamanin Gowon mun san Bar Beach. Daga Obalende da ƙafa muke tafiya, mu bi ta titin da ake kira Ahmadu Bello Way, sai ga ruwa iya ganinka. Babu ƙofa, babu katanga, babu mai tambayarka ko sisi. Ranar Lahadi da ranakun Sallah da Kirsimeti za ka ga Bahaushe, Bayarabe, Inyamuri, Bature, kowa da nasa. Masu tsire sun kafa tukuba, masu dawaki suna kilisa, masu fararen riguna na coci suna can gefe da kyandir da ƙararrawa suna addu'arsu, ba ruwan kowa da kowa.

Ba zan ɓoye muku ɗaya fuskar ba. A wannan yashin ne gwamnatin soja take harbe 'yan fashi a bainar jama'a, a jera ganguna a ɗaure mutum a jikin turke. A 1971 aka harbe ƙasurgumin ɗan fashi Oyenusi a wurin, jama'a kuwa ta cika maƙil har da ƙananan yara. Wannan ba na fatan ya dawo. Abin da nake kewa shi ne wurin da lebura da darakta suke zama kan yashi ɗaya.

Maman Walid, Idi-Araba:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To wai yaya aka yi Bar Beach ɗin ya ɓace? Mu dai mun taso muna jin an ce an cike shi an yi gari.

Injiniya, Ajah:
Maman Walid, labarin ya girmi Baba ma. Igiyar tekunmu tana buga gaɓa a karkace, don haka kullum tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, daga wajen Kwatano da Badagry ya nufo Lekki. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera manyan duwatsu suka yi dogayen katangu zuwa cikin teku a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya riƙa toshe hanyar jirage. Katangun sun yi aikinsu, amma sun datse hanyar yashin. Sai ya riƙa taruwa a gefen yamma, gefen gabas kuma, wato Bar Beach, ruwa na kwashewa ba a mayarwa. Shekara da shekaru gwamnatoci suna zuba yashi, teku yana kwashewa, har ta kai in ruwa ya yi toroƙo yana haurowa kan Ahmadu Bello Way ya shiga gidajen gwamnatocin jihohi da ke bakin titin.

Daga nan aka kawo aikin Eko Atlantic wajen 2008. Jirgin yasa ya riƙa zuƙo yashi daga cikin teku yana cike wurin da ruwa ya cinye, aka kewaye shi da katangar duwatsu da curin kankare mai nauyin tan biyar-biyar, wadda aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5. A Fabrairun 2013 Shugaba Jonathan da Gwamna Fashola da Bill Clinton suka halarci bikin wurin. Gaskiya ita ce katangar ta ceci Victoria Island daga ambaliya. Gaskiya ta biyu ita ce filin da aka samu ya zama na kamfani da masu sayen fuloti da dala, ba a ware wa jama'a madadin abin da suka rasa ba. Mazauna ƙauyukan gabas irin su Okun Alfa kuma suna kukan cewa zaizayar ta komo kansu, ruwa ya ci gidaje da itatuwan kwakwa.

Ɗan Obalende:
Ku yi haƙuri in kawo wata fuska. Ana ta kewar kyauta, amma wa ya manta yadda Bar Beach da bakin tekun Kuramo suka koma a ƙarshe? Bukkoki, 'yan shaye-shaye, masu fizgen jaka, kashi a ko'ina. Wa zai kai matarsa can? A watan Agustan 2012 ruwa ya taso da dare a Kuramo ya tafi da mutane fiye da goma, sannan gwamnati ta rushe bukkokin. Wurin da ba a biya ba shi da mai shi, wurin da ba shi da mai shi kuwa 'yan iska ne ke gadonsa. Wanda ya zuba kuɗinsa ya share yashi, ya gina ban-ɗaki, ya ɗauki masu gadi, dole ya karɓi kuɗi. Ni ban ga laifinsa ba.

Maman Walid, Idi-Araba:
Ƙanena, da abin da ka faɗa ne ake samu da ban ce uffan ba. Wani wuri da muka je a Lekki mun biya a ƙofa, mun biya rumfa, da yarinyata ta matsu aka ce ban-ɗaki ma sai an biya, kuma da na leƙa ban bar ta ta shiga ba. Robobi da fasassun kwalabe a cikin yashi. Na duba gabas da yamma ban ga mutum ɗaya da aka ajiye don ceton wanda ruwa ya ja ba. Waɗanda suka karɓi kuɗin ko rasit ba su ba mu ba. To me na saya?

Ɗan Obalende:
Anti, wannan wurin kika faɗa. Akwai masu tsari, sai dai kuɗinsu ya fi.

Maman Walid, Idi-Araba:
Ka dawo kan maganar Abban Sadiya ke nan. Mai tsabta ya fi ƙarfinmu, mai araha kuma babu tsaro. Ina na tsakiya?

Injiniya, Ajah:
Na tsakiyan aikin gwamnati ne, kuma shi ne babu. Yawancin wuraren nan na Lekki suna hannun gidajen sarautar da ke da ƙasar tun asali, kamar gidan Oniru da gidan Elegushi, ko 'yan kasuwar da suka karɓi haya a hannun masu ƙasa. Ba na jayayya da mai otal ya caji kuɗin kujerarsa da wurin wankansa. Inda na tsaya shi ne yashin da ruwa ke taɓawa bai kamata ya zama na mutum ɗaya ba, kuma ya kamata a bar hanyoyin ƙafa da kowa zai bi ya isa gare shi. Ku duba abin da ya faru a Afrilun 2024. Da gwamnatin tarayya ta zo da titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, ta rushe sashen wurin shaƙatawar Landmark da wasu wuraren da ke kusa, bisa hujjar cewa gaɓar teku hurumin gwamnati ce. To madalla. In hurumin gwamnati ce ranar da za a yi titi, ai hurumin gwamnati ce ranar da yaran Agege ke son wasa da yashi. Ba za a tuna da ikon ba sai in za a kawo katafila.

Hajiya Mai Atamfa:
Injiniya ka gama magana. Ni harkata tana kai ni Kwatano da Lome. A Lome titi ne kawai tsakaninka da teku, ga itatuwan kwakwa a jere, ka tsallaka ka zauna, ba mai ce maka komai. Ranar Lahadi da yamma har 'yan'uwanmu na zango suna fitowa da iyalansu. A Kwatano ma haka wajen Fidjrossè, in kana son rumfa da abinci ka biya mai rumfa, in ba ka so ka zauna a yashi. Wanda ya je Jidda kuma ya ga yadda aka gyara bakin Bahar Maliya, fitilu, wurin wasan yara, masallatai, iyalai suna shimfiɗa darduma har tsakar dare kyauta. Togo ba ta fi Legas kuɗi ba. Niyya ce.

Ɗan Obalende:
Hajiya a Ankara ai ana biya a bakin tekun Labadi.

Hajiya Mai Atamfa:
Ana biya ɗana, ban musa ba. Amma ba a ce duk garin sai ta ƙofar mai karɓar kuɗi za ka ga ruwa ba.

Abu Huzaifa:
Ni duk wannan ban ga abin wahalar da kai ba. Me Musulmi zai je yi wurin da ake tsiraici da giya da kiɗa? Ku zauna a gida ku yi zumunci ya fi muku.

Maman Walid, Idi-Araba:
Malam Abu Huzaifa, wane gidan? Ɗaki ɗaya a gidan haya, tsakar gida ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, waje kuma kwata da babura. Yara tun safe har dare a kulle suna kallon waya. In ba mu fitar da su da kanmu mun nuna musu wuri mai kyau ba, ranar da suka girma za su je da abokai, kuma ba wurin da za mu zaɓa musu za su je ba.

Malam, Alaba Rago:
Abu Huzaifa yana da gaskiya ta wani gefe, Maman Walid ma tana da ita. Akwai wuraren da daga la'asar zuwa dare ba na mai iyali ba ne, wannan kowa ya sani, kuma bai halatta mutum ya kai kansa inda ake saɓo a fili ya zauna ba. Amma shi teku halittar Allah ne, yana cikin ayoyin da aka umarce mu mu duba mu yi tunani. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Damagaram ya tsaya gaban ruwan da ba ya ganin ƙarshensa, abin da ke shiga zuciyarsa wa'azi ne. Ba za mu bar wa masu giya shi ba.

Dabarar ita ce lokaci. Ku fita bayan Asuba ku isa da hantsi. A lokacin masu raye-raye ba su tashi daga barci ba, rana ba ta yi zafi ba, hanya ma babu cunkoso. Kafin Azahar ko jim kaɗan bayanta kun tattara. Kuma a guji ranar Sallah kanta da washegari in ta faɗo Lahadi.

Tunda ana yawan tambayata: ruwan teku ana alwala da shi. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da shi, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Alƙibla kuwa, a gaɓar Legas teku yana kudu. Ka sa shi a hannun damanka, kana fuskantar gabas ke nan, sai ka ɗan karkata hagu.

Abu Huzaifa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma dai a kula da shigar 'yan mata, kada a ce an je shan iska a watsar da hijabi.

Nas Ummi:
Tunda maganar ta kai ga tafiya, ku ba ni dama in faɗi abin da ya fi kuɗin ƙofa muhimmanci. Kusan kowane biki sai an ji ruwa ya tafi da wani, kuma sau da yawa samari ne masu ganin sun iya ruwa. Ɗan'uwana, iyon da ka koya a kogin Kaduna ko dam ɗin Tiga ko kududdufin unguwa ba shi ne wannan ba. Gaɓar Legas tana da gangara, taku kaɗan ka shiga sai ƙasa ta zurma. Igiya in ta bugo ta koma tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kana tsaye ruwa iya gwiwa sai ka ji ka faɗi.

Abin da ya fi kisa shi ne wata hanyar ruwa da ke komawa cikin teku da ƙarfi. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yana neman mafita, sai ya tattaru ya bi ta wani siririn wuri ya koma. Abin tsoron shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciya, ba kumfa sosai, launinsa ya ɗan yi duhu ko ya yi gurɓi, sai baƙo ya ce ga inda ya fi lafiya. In ya ɗauke ka kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi ka nutse. Ka bar jikinka ya taso, ka ɗaga hannu, ka yi iyo ta gefe, dama ko hagu, har ka fita daga cikinsa, don ba shi da faɗi sosai. Na kan tudu kuma kada ya faɗa don ya ceci wani in ba horo gare shi ba, ya jefa masa jarka ko murfin kula ko duk abin da ke tasowa, ya yi ihu, a kira lambar gaggawa 112 ko 767. Iya ruwa fidda kai.

Mata kuma, zani da doguwar riga da hijabi in suka sha ruwa nauyi suke yi suna naɗe ƙafa. Mu tsaya inda ruwa ke shafar idon sawu. Yaro kuwa hannunsa a hannunka, ba ido kawai ba. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto.

Injiniya, Ajah:
In ƙara a kan na Nas. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma wata ne ke jan sa. Cikar ta fi ƙarfi a lokaci biyu: tsayuwar sabon wata da daren sha huɗu. Ku lura, Ƙaramar Sallah a daidai sabon wata take faɗowa, kwanakin yawon Babbar Sallah kuma suna gangarawa ne zuwa sha huɗu. Wato duk lokacin da muke tururuwa zuwa can, lokacin ne ruwa ke haurowa fiye da kullum. Inda ka shimfiɗa tabarma da safe a bushe, bayan 'yan sa'o'i ruwa na iya isowa. Ku duba layin da ruwa ya ajiye tarkace a kan yashi, ku zauna bayansa. Kuma teku ya fi kwanciya a watannin hunturu, ya fi haushi da damina, musamman wajen Yuli zuwa Satumba.

Ɗan Doki:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni sana'ata ke nan, ina ɗora mutane a doki a bakin ruwa, kuma yawancinmu masu wannan aiki 'yan Arewa ne. Duk abin da Anti Nas ta faɗa haka yake, da idona na ga an fito da mutum ba rai. Mu da muke wuni a wurin mun san inda ruwa ke ja. In kun zo ku tambaye mu ko masunta, ba za mu ɓoye muku ba.

Maganar kuɗin ƙofa kuma ku sani mu ma biya muke yi. Kafin doki ya taka yashi akwai kason masu wuri, ko ka samu ko ba ka samu ba. Da aka fara aikin titi wurare da dama sun rufe, masu dawaki da masu tsire da masu hoto da masu kwakwa duk muka dunguma gabas, muka cunkushe a wuraren da suka rage. Manyan wurare an yi maganar diyyarsu a jarida. Mai tukuba da mai doki ba wanda ya rubuta sunansa.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya sa albarka a nema ɗana. Amma zan faɗa maka gaskiya, wasu dawakin naku suna ba ni tausayi. Haƙarƙari a waje, gyambo a ƙarƙashin sirdi, ga ƙato ya hau ana zabga masa bulala a cikin rana. Mu da muka san yadda ake riƙon doki a gidajen sarauta abin yana mana ciwo.

Ɗan Doki:
Hajiya ba ki yi ƙarya ba, akwai masu yin haka, kuma muna faɗa da su. Riƙon doki a Legas akwai wuya. Harawa da dusa da gero duk daga Arewa ake kawowa, kuɗin mota ya hau kansu. Ga damshi da ƙudaje da dokin Arewa bai saba da su ba. Ruwan gishiri kuma in ba ka wanke masa jiki da ƙafafu da ruwan daɗi kullum da yamma ba, fata tana tsagewa, sirdi ya goge wurin ya zama gyambo. Wanda dokin nasa ne yana yi. Matsalar yaran da ake ba haya ne a ce su kawo kuɗi kaza da yamma, su ba ruwansu. Shawarata, kafin ki ɗora jikanki ki ce a ɗaga sirdi ki gani. In da ciwo kada ki hau. In mutane suna haka kowa zai gyara. Kuma a yi ciniki a gama kafin a hau, zuwa da dawowa, kada a sauko ana rigima.

Abban Sadiya, Agege:
Na ƙaru ƙwarai. To a taimaka da sunayen wurare.

Ɗan Obalende:
Tarkwa Bay. Ba a zuwa da mota, sai jirgin ruwa daga wajen CMS ko Falomo, tafiyar ba ta da nisa. Yana cikin lungun katangun duwatsun da Injiniya ya faɗa, don haka ruwan ya fi na Lekki kwanciya nesa ba kusa ba, ga manyan jirage suna wucewa ta gabanka zuwa Apapa, yara suna son wannan. Amma kada ku shiga jirgin da ba a ba kowa rigar ceto ba, har jariri, kuma ku dawo kafin duhu.

Baba Ɗan Ikko:
Tarkwa Bay ɗin ma ai a Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna wurin, aka ce saboda masu fasa bututun mai. Mai laifi da marar laifi duk aka haɗa. In kun je ku tuna akwai waɗanda gidansu ne.

Malam, Alaba Rago:
Mu na wannan ɓangaren Badagry muke zuwa. Daga Alaba Rago titi ɗaya ne, ka wuce Okokomaiko da Agbara. Can har yanzu akwai sarari, itatuwan kwakwa iya ganinka, hayaniya kaɗan, kuɗi ma da sauƙi in aka kwatanta da Lekki. Za ka ga masunta Egun sun yi layi suna jan koma da waƙa, ka sayi kifi a hannunsu ɗanye. Kuma tafiyar tana da karatu a ciki. Akwai gidan bene da mishan suka gina a 1845, akwai gidan Seriki Abass inda aka riƙa tsare bayi a ƙananan ɗakuna kafin a sayar, sannan a tsallaka da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu a taka hanyar da bayi suka bi har bakin teku inda jirage ke jira. A cikin waɗanda aka bi da su ta gaɓar nan akwai mutanen ƙasar Hausa, har Brazil an san su. Yaro ya taka wannan hanyar da ƙafarsa ya fi a ba shi labari. Sai dai igiyar can ma ba ta wasa, kallo ne ba wanka ba.

Maman Walid, Idi-Araba:
Wanda kuma yake tsoron ruwa, ko yake da tsohuwa a gida, ba dole sai teku ba. Mun je gandun dajin Lekki, wanda ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, hekta 78 a tsakiyar gine-gine. Hanyar katako ce a kan fadama, birai suna tsalle a kanka, ga ɗawisu, ga wani tsohon kunkuru. Akwai gadar sama mai lilo mai tsawon mita 401, wannan sai mai ƙarfin zuciya, kuma ba a barin ƙananan yara. A riƙe leda da kyau don biran sun san abinci. Ana biya, amma ka san abin da ka biya.

Nas Ummi:
Ga ku 'yan Agege ma kusa da ku akwai filin JJT da na Ndubuisi Kanu a Alausa, na gwamnatin jiha ne, ciyawa da inuwa da lilon yara, ba sa cin aljihu. Freedom Park kuma a Broad Street, tsohon kurkukun Turawa ne aka mayar wurin hutawa a 2010. Abin takaicin shi ne ƙanƙantarsu. Ranar biki ko wurin tsayawa babu. Gari mai mutane sama da miliyan goma sha biyar, a ce unguwa kamar Agege ko Mushin ko Ajegunle yaro sai ya shiga mota kafin ya taka ciyawa.

Injiniya, Ajah:
Shi ya sa nake ganin kada mu tsaya a neman inda ya fi araha. Titin bakin tekun nan ana kan yin sa, yanzu ne ake yanke inda za a bar mashiga da inda za a toshe. In aka gama aka katange, magana ta ƙare. Muna da sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, muna da shugabannin kasuwanni a Mile 12 da Alaba Rago, 'yan siyasa suna zuwa wurinsu duk lokacin zaɓe. Buƙatar ba ta Hausawa kaɗai ba ce, Bayaraben Mushin ma ita ce damuwarsa. A nemi abu uku a rubuce: wuraren da gwamnati za ta ware na jama'a a gaɓa, masu ceto da aka horar a duk inda ake karɓar kuɗi, da rasit.

Ɗan Obalende:
A kan masu ceto da rasit ina tare da kai ɗari bisa ɗari. A kan kyauta har yanzu ina da ja, sai na ga wanda zai riƙa kwashe sharar.

Hajiya Mai Atamfa:
Sharar ai mu ne masu zubarwa. Jihar ta hana robar abinci ta soso tun Janairun 2024, amma je ka ga yashi washegarin biki. Kowa ya zo da buhu ya koma da ledar ruwansa da ƙashin kazarsa gida.

Direba, Agege:
Ni ina da bas mai cin mutum goma sha takwas. In an samu iyalai uku ko huɗu a haɗa kuɗin mai, rana ta uku ga Sallah mu tashi daga Agege bayan Asuba mu nufi Badagry, Malam ya tare mu a Alaba Rago ya yi mana jagora.

Maman Walid, Idi-Araba:
A sa mu a ciki, zan zo da waina da miyar taushe. Amma Malam a tabbatar mana da maganar rigunan ceto na tsallakawa Gberefu tun kafin ranar, har da na yara. In babu, mu mata muna nan gefen gari muna jiranku.

Malam, Alaba Rago:
Zan je da kaina ranar Asabar in yi magana da masu kwale-kwalen, in ƙirga rigunan in sanar da ku.